Baƙin Mai Ba Maganin Kowane Ƙarfe Ba Ne: Darasi Daga Bindigar Iska

A ƙasar Damri da sauran garuruwan Bakura, Talata Mafara da Maradun, inda madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978 ta haɓaka noman shinkafa, manomi yana zaune ne da ƙarafa: keke, injin ban ruwa, injin niƙa, wani kuma har da bindigar iska ta harbin tsuntsayen da ke yi wa gona ɓarna. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wato da zarar ƙarfe ya yi ƙara sai a ɗura masa baƙin mai. A ganina wannan ɗabi'a asara take jawowa, kuma bindigar iska ta isa hujja.

Ita wannan bindiga ba ta cin albarushi. Idan aka karya bututunta aka ɗana, an danne wani sifirin mai ƙarfi ke nan. Da an ja kunama sai sifirin ya ingiza fistin, fistin ya matse iskar da ke gabansa, iskar ta tura ɗan harsashin dalma waje. To, duk ɗalibin da ya taɓa ba keke iska ya san bakin famfo yakan ɗauki zafi, domin iska in an matse ta zafi take yi. A cikin bindigar kuwa matsin kamar ƙiftawar ido yake, saboda haka zafin yakan kai ɗaruruwan digiri.

A nan ne haɗarin yake. Idan akwai man inji ko kananzir a gaban fistin, sai ya kama wuta ba tare da ashana ba. A kan wannan ƙa'ida Rudolf Diesel, injiniyan Jamus, ya gina injinsa da ya yi nasara a 1897, shi ya sa injin niƙa mai shan man gas ba ya bukatar fulogi. Amma an ƙera wannan inji domin ya jure fashewa, bindigar iska kuwa ba a yi ta don haka ba. Mai ita zai ji ƙara ya ga hayaƙi, ya ɗauka ƙarfi ta ƙara, alhali robar bakin fistin ce ke ƙonewa, sifirin na neman karyewa, harbi kuma na kauce wa saiti.

Kulawar da ta dace ba ta da wuya. Gaban fistin yana bukatar ɗigo ɗaya ko biyu na man silikon, wanda ba ya saurin kamawa, shi ma jefi-jefi. Sifirin a shafa masa giris kaɗan. Bayan bututu a goge shi da tsumma mai ɗan maiƙo saboda tsatsar damina, amma da hunturu a rage, domin ƙura in ta haɗu da mai cin ƙarfe take yi. Kada a harba ta ba harsashi, don fistin zai doki bango. Kada kuma a ajiye ta a ɗane.

Wani zai ce man silikon wuyar samu gare shi a ƙauye, baƙin mai kuwa kyauta ne a wurin bakanike. Gaskiya ne, amma araha ba ta ado: ƙaramar kwalba takan yi shekaru, sifirin da ya karye kuwa samun madadinsa ya fi wuya.

Ɗalibai su sani wannan bindiga tana iya tsiyayar da ido har ma ta yi kisa, kuma dokar makamai ta 1959 ta sa sai da lasisi ake mallakarta. Don haka malamai ba sa bukatar kawo ta aji. Famfon keke ya wadatar: a toshe bakinsa da yatsa, a danna sau goma, kowane ɗalibi ya taɓa ya ji. Yaron da ya fahimci dalilin wannan zafi, in ya koma gida zai duba takardar injin ban ruwan mahaifinsa kafin ya zuba masa mai.