Tsadar Jinyar Dabbobi A Damazin: Rago Na Da Gata, Jaki Fa?

 

'Yan'uwa, daga cikin abubuwan da yaƙin Sudan ya rusa akwai wanda ba a cika jin sa a labarai ba, wato tsarin kula da lafiyar dabbobi. Hankali ya fi karkata ga asibitocin mutane, kuma haka ya dace. Sai dai a Damazin da Rusairis da ƙauyukan Hausawa na bakin Nilul Azraƙ, har a gangara Mai Wurno da Jazira, lafiyar gida a ɗaure take da lafiyar turke. Jaki ne ke kawo ruwa, akuya ce ke ba yara madara, tunkiya ce asusun da ake fasawa ranar da wani ya kwanta ciwo. Yau kuwa mai dabba yana duban kuɗin allura ɗaya ya ga ya kusa na cefanen kwanaki, sai ya juya baya ya ce Allah Ya ba ta lafiya.

Wannan tsada tana da tushe. Kafin 15 ga Afrilun 2023, yawancin alluran rigakafin dabbobi a nan cikin gida ake yin su, a babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi da ke Soba, kudu da Khartum. Da yaƙi ya mamaye babban birni sai aikin ya tsaya cak. Kamfanonin da ke shigo da magunguna su ma a Khartum rumbunansu suke. Waɗanda suka tsira suka koma Wad Madani, ita ma ta faɗa hannun dakarun RSF, waɗanda aka fi sani a nan da Da'amus Sari, a Disambar 2023. A ƙarshen Yunin 2024 aka kama Sinja, hanyar da ke haɗa Damazin da sauran ƙasa ta yanke na tsawon watanni, sai a Nuwambar 2024 sojoji suka ƙwato garin, Wad Madani kuma a Janairun 2025. Hanya ta buɗe, amma farashi bai sauko ba, domin fam ɗin Sudan da ake canjin dala ɗaya a kan kimanin 600 kafin yaƙi ya haura 2,000 tun a 2024, kuma kusan duk maganin dabba da dala ake sayo shi. Ga shi yawancin alluran rigakafi ba sa jure zafi, sai an riƙe su cikin sanyi tun daga Bur Sudan har zuwa ƙauye, a ƙasar da wuta da man fetur suka zama abin nema.

Ɗan abin da ya rage na wannan tsari, ina ya nufa? Ya bi kuɗi. Sudan na da dabbobi sama da miliyan 100, kuma tumakin da ake lodawa a Sawakin zuwa Saudiyya suna cikin manyan hanyoyin da ƙasa ke samun kuɗin waje. Ragon da zai hau jirgin ruwa dole a yi masa rigakafi, a killace shi, a ba shi takarda, domin in aka ga cuta Saudiyya za ta rufe ƙofa, kamar yadda ta yi a 2019. Taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, shi ma ya fi zuwa ga shanu da tumaki da awaki, tunda su ne abinci. Babu mai cewa hakan kuskure ne. Amma an bar jaki da kare da kyanwa a waje, dabbobin da ba a cin namansu, ba a fitar da su, ba a kuma fitar musu da zakka.

Jaki ne ya fi ban tausayi. Sudan na da jakuna sama da miliyan 7, tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawansu a duniya, kuma tun da mai ya yi wuya aikinsu ya ninka. Amalanken jaki, wanda ake kira karo, shi ke ɗauko ruwa daga kogi, shi ke kai dawa da riɗi kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Iyalai da dama da suka gudo daga rikicin 2022 a Wad al-Mahi da Rusairis, ko daga Jazira da Sinnar daga baya, ba su da wata sana'a sai wannan karo. Mai jaki yana bukatar kuɗin yau, saboda haka yana fita da shi ko da gyambo a baya, ko yana ɗingishi. Dusa da tunkuza, wadda ake kira ambaz, sun yi tsada, sai a rage masa ci a ƙara masa kaya. Kowa ya tsaya a bakin tasha ya dubi ƙarƙashin akumari zai ga abin da ake faɗa.

To me shari'a ta ce? Ɗalibanmu da ke karatun Muhtasar na Shehu Halil sun san cewa a babin ciyarwa, tare da haƙƙin iyali, an kawo haƙƙin dabba: wajibi ne mai ita ya ciyar da ita in babu makiyaya, kada ya ɗora mata abin da ba ta iyawa, kada ya tatsi nonon da zai cutar da ɗanta, in kuma ya ƙi ko ya gaza sai a sayar da ita. Alƙali ne ke tilasta wannan, ba a bar shi ga ganin damar mai dabba ba. Abu Dawuda ya ruwaito labarin raƙumin wani mutumin Madina da ya yi kuka da ganin Manzon Allah (SAW), har Annabi ya nemi mai shi ya yi masa faɗa a kan yunwa da wahalar da yake ba shi. Muslim kuma ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska ya la'anci wanda ya yi hakan. A lura, jaki ne, dabbar da muka fi rainawa. Babu inda aka ce wannan haƙƙi yana faɗuwa saboda yaƙi ko faɗuwar fam. Abin da talauci ke canzawa shi ne yawan dabbar da ya kamata mutum ya riƙe.

Mafi yawan mutanenmu ba mugaye ba ne, neman sauƙi suke yi, kuma a nan ɓarnar take. Mutum ya shiga kasuwa ya sayi kwalbar da ta yini cikin rana a kan tabarma, ba ya duba ranar ƙarewarta, wata ma an kankare rubutun. Ya yi wa saniya rabin abin da ya kamata domin kwalba ta isa garke duka. Saniya ta ɗan farfaɗo, ƙwayar cutar kuma ta saba da maganin, gobe ko an cika awo ba zai yi aiki ba. Haka ake yi da oksitetrasaikilin, haka ake yi da maganin sammore, cutar da ƙudaje masu cizo ke yaɗawa da damina a kudancin jiharmu. Maganin sammore na shanu irin su Berenil yana iya kashe raƙumi da jaki da kare in aka yi musu shi da ka. Farasitamol da muke sha guba ne ga kyanwa. Baƙin mai na inji da ake shafa wa gyambon jaki ƙona naman yake yi, alhali ruwan gishiri mai tsafta da hutun kwanaki da gyaran akumari sun fi shi, kuma kusan kyauta ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda ya sayi jabun magani sau uku ya biya kuɗin na gaske, ya kuma rasa dabbar.

Akwai abin da ya fi wannan muni, domin yana taɓa haƙƙin mutane. Dabba ta kwanta, mai ita ya ga za ta mutu, sai ya yi maza ya sa wuƙa ya kai wa mahauci a kan rabin kuɗi, ko kuma ya yi mata allura yau ya kai ta kara gobe tana sheƙi. Ɓoye aibi a ciniki algus ne, haramcinsa ba ya bukatar dogon bayani. Maganin da ke jikinta yana shiga nama da nono, shi ya sa kowace kwalba ke ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sha. Wasu cututtukan kuma kai tsaye suke tsallakawa zuwa ga mutum. A 2007 zazzaɓin Rift Valley ya ɓarke a Nilul Abyad da Sinnar da Jazira, ya kashe mutum sama da 200, kuma waɗanda suka fi kamuwa su ne masu taɓa jinin dabba da abin da ta yi ɓari. Idan tumaki suka fara ɓari da yawa bayan ruwa mai ƙarfi, a nisanta yara, a sanar da malamin dabbobi. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, domin tana iya zama cutar saifa. A binne ta da zurfi. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin da Annabi (SAW) ya yi ga mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya tare da masu lafiya. Killacewa ke nan, kuma ba ta cin ko sisi.

Kare da kyanwa su ma suna da nasu. Risala ta Ibn Abi Zaid ta taƙaita riƙon kare ga gona da kiwo da farauta, ko da yake masu sharhi sun kawo cewa shi kansa malamin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi kuma tsoro ya yi yawa. A wannan zamani na sata da fashi mutane da yawa sun koma ajiye kare. Wanda ya ajiye ya ɗauki nauyin ci da sha da allurar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare, yara ne kaso mai yawa, kuma da zarar alamu sun bayyana babu magani. Allurar kare ɗaya ta fi jerin alluran yaron da aka ciza araha nesa ba kusa ba, in ma an same su. Wanda kare ya ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a nufi asibiti a ranar. Masu gudun hijira da dama sun bar karnuka da kyanwoyi a baya bisa larura, Allah Ya san uzurinsu. Amma wanda yake zaune lafiya ya kulle kyanwa a shago ko ya ɗaure kare a rana ya manta, ya tuna matar da hadisi ya ce ta shiga wuta a kan kyanwar da ta tsare.

A ganina masallatai na da abin yi a nan, kuma ba sai an jira gwamnati ta farfaɗo ba. Kwalbar rigakafin annobar awaki da tumaki ta dabbobi da yawa ce, sau da yawa 50 ko 100, kuma in an buɗe dole a ƙarar da ita cikin 'yan sa'o'i. Mai akuya huɗu ba zai iya saye ba, unguwa guda za ta iya. Limami ya yi sanarwa ranar Juma'a, a tsayar da rana, a tara dabbobi a fili ɗaya, a haɗa kuɗin motar malamin dabbobi da na ƙanƙara, kowa ya biya gwargwadon kawunan da ya kawo. A sa jakuna da karnuka cikin lissafi, tunda ba wanda zai tuna da su in ba mu ba. An taɓa yin irin wannan a cikin yaƙi ya yi nasara. A shekarun 1990, ana tsakiyar yaƙin kudu, an horar da makiyaya daga cikin jama'arsu suka riƙa yi wa shanu rigakafin bushiya da allurar da ke jure zafi, kuma a 2011 aka sanar da cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya, cutar da ta share garken kakanninmu. Cikin ɗalibanmu akwai waɗanda suka karanta likitancin dabbobi yaƙi ya katse musu karatu, suna zaune a gida. Su ne ya kamata kwamitocin masallatai su fara nema.

Wani zai tambaya ko za a iya amfani da zakka. Zakka tana da mutanenta takwas, dabba ba ta cikinsu. Amma miskinin da jakinsa ya kwanta yana cikinsu, kuma in aka mallaka masa ya yi jinyar jakin da ita, an ciyar da gida guda na tsawon shekara. Asusun magani na unguwa kuwa daga sadaka ko wakafi zai fito, kuma ya kamata a raba shi da kuɗin masallaci, a rubuta shiga da fita, domin irin wannan asusu rashin rubutu ne ke kashe shi.

Saura wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya gaza. Mai tumaki goma da ba ya iya ciyar da su, ya sayar da uku tun suna da ƙiba ya kula da bakwai, kafin bazara ta sa ya sayar da su duka a kan kuɗin fata. Mai jakin da ya tsufa ko ya karye kada ya kore shi bayan gari ya bar wa kuraye da ƙishirwa, kamar yadda ake gani a gefen hanya. Ya nemi wanda zai karɓa kyauta ya kula da shi. In kuma ciwon ya kai inda aka ɗebe tsammani, malaman Malikiyya sun halatta a yanka dabbar da ba a cin namanta domin a hutar da ita, kuma Shehu Halil ya kawo wannan a babin yanka. Sai a nemi malamin dabbobi ya tabbatar babu sauran magani, a wasa wuƙa, a yi nesa da idon sauran dabbobi, a binne gawar nesa da rijiya da bakin kogi. Allah ne Mafi sani.