Kwamfuta da Kiɗan Zamani

A shekarar 1957 ne Lejaren Hiller da Leonard Isaacson na Jami'ar Illinois ta Amurka suka kammala wani kiɗa mai suna Illiac Suite. Sun shimfiɗa wa kwamfuta ƙa'idoji, ita kuwa ta zaɓo sautukan ta jera su, sannan makaɗa huɗu suka kaɗa shi da gogen Turawa. Daga baya David Cope ya cusa wa tasa kwamfutar kaɗe-kaɗen Bach, ta riƙa fito da sababbi masu kama da su, har wasu masu sauraro suka kasa bambancewa. Wannan ya sa wasu ke ganin kwanan makaɗi ya ƙare.

Haƙiƙa wannan ra'ayi ya yi gaggawa. Kwamfuta ba ta ƙirƙiro komai sai daga abin da aka ɗura mata, kuma ma'aunin da aka ba ta shi take bi. Tsarin MIDI, wanda aka fito da shi a 1983 domin kayan kiɗa su yi magana da kwamfuta, ya ba sautuka lambobi daga 0 zuwa 127, bisa matakai goma sha biyu na kiɗan Turai. A kan wannan tsani aka gina fiyanon da ya mamaye ɗakunan haɗa kiɗan finafinai a Kano. To, amma kalangu ba ya hawa tsani. Makaɗi yana matse tsirkiyarsa a hammata, amo ya zame sama ko ƙasa yana bin karin sautin Hausa, shi ya sa ake cewa kalangu yana magana. Idan aka bar na'ura ta daidaita shi da matakanta, amo zai fita tas, maganar kuwa ta ɓace.

Inda kwamfuta ta fi amfani shi ne nazari. Takan rage gudun kiɗa ba tare da sauya amonsa ba, ta zana hawa da saukarsa a allo, ta auna tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Malamin da zai koyar da waƙar baka yana iya ɗora zanen amon kalangu kusa da na kirarin da yake faɗa, ɗalibai su ga inda suka dace. Sai dai tilas ya fara sanin kirarin, domin na'urar ba za ta gaya masa wanda ake yi wa ba.