Kada Mu Haɗa Wutar Rana da ta NIGELEC da Ka

Ƴan uwa manoma, duk wanda ya bi hanya daga Tumur zuwa garin Difa zai ga faifan hasken rana a kan rufin gidaje da rumfunan kasuwa. In an sayar da tattasan bakin Komadugu, ana saya wa gida faifai da batir. Muna murna da wannan. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, kowa ya ga amfanin rana.

Amma akwai wata ɗabi'a da ke tayar mana da hankali, musamman a gidajen Difa masu mitar NIGELEC. Mutum ya sayi inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir mai bolt 12 ta koma bolt 220. Sai ya jawo waya daga jikinta ya cusa a akwatin wutar gida, ko ma a soket, don a samu haske a kowane ɗaki. A ganinsa ya huta da biyan ma'aikaci.

Wuta ba ta san iyakar gida ba. In an ɗauke wutar gari, taka za ta bi waya ta fita ta mita, ta hau layin unguwa. Ma'aikacin da ya hau turke gyara yana zaton layi a kashe yake, alhali kuwa wutar gidanka tana ciki. Haka ake kashe uban wasu ba da niyya ba. In kuma an maido da wutar gari farat ɗaya, wuta biyu su yi karo, inbata ta ƙone, wani lokaci har da gobara. Rufin zana da buhunan tattasai busassu ba su jiran a kawo ruwa.

Maganin abin shi ne makunni mai sauya layi. Hannu ɗaya gare shi: in an ɗaga, gida ya sha wutar gari, in an sauke, ya sha ta rana. Ba ya barin biyun su haɗu. Kuɗinsa bai kai na batir ɗaya ba. Mai janareta ma yana bukatarsa.

Ra'ayinmu shi ne, ƙwararren mai gyaran lantarki kaɗai ya kamata ya buɗe akwatin nan. A ce masa ya ware layin fitilu, fanka da cajin waya ga rana, ya bar dutsen guga da abin dafa ruwa a kan wutar gari, domin suna shanye batir nan da nan. Ya sa fis kusa da batir, ya kafa wayar ƙasa. Mita kuwa ta NIGELEC ce, kada kowa ya taɓa ta.

Batir mai ruwa a ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da murhu da ɗakin kwanan yara. Ruwansa yana cin fata. In ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta, a garzaya asibiti.