Bashi Ka Ci, Ba Gidanka Ka Sayar Ba

Jama'a, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ɗan kasuwa ya ɗauki kaya, manomi ya ci bashin taki kafin damina, ma'aikaci ya ranci kuɗin asibiti. Babu abin kunya a nan, kuma wanda ya ci dole ya biya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata takarda da ake cusowa a ranar sulhu, ranar da wanda ake bi ya zo da kansa a sunkuye yana neman a sassauta masa. Lauyoyi suna kiranta pawa of atoni, wato takardar wakilci. Ina roƙonku da Allah, kada wanda ya sake sa mata hannu bai san abin da ke cikinta ba.

Na ga yadda ake yi da idona, a zauren wani maƙwabcinmu, dattijo mai sayar da yadi. Kasuwa ta juya masa baya, kuɗin kaya suka taru a kansa. Aka zauna, aka shirya zai riƙa biya wata-wata, kowa ya yi hamdala. Sai wakilin mai kaya ya zaro wasu takardu uku daga jaka, ya ɗora a kan tabarma, ya buɗe shafin ƙarshe kawai. "Baba, nan za ka sa hannu. Ƙa'ida ce kawai, don hankalin Alhaji ya kwanta." Har an buɗe tawadar dangwale. Ɗan dattijon, wanda shigowarsa ke nan daga makaranta, ya ce, "Baba, bari in duba tukuna." Ta farko yarjejeniyar biya ce. Ta biyu kuwa tana ba mai kaya ikon sayar da gidan da muke zaune a cikinsa, ya karɓi kuɗin, ya sa hannu da sunan dattijon, ba tare da ya sake tuntuɓarsa ba. Har yau ina tuna yadda tsohon ya janye babban yatsansa ya ɓoye a cikin hannun riga.

Ku fahimci bambancin. Yarjejeniyar biya tana cewa ana bina kaza, zan biya a lokaci kaza. Takardar wakilci tana cewa wane ya zama ni: abin da ya sa wa hannu, ni na sa. Kotun Ƙolin Nijeriya ta bayyana a shari'ar Ude da Nwara ta 1993 cewa wannan takarda ba ta mayar da mallaka da kanta, izini ne na yin abu da sunan mai dukiya. To, amma izinin me? Idan an rubuta sayarwa a ciki, an gama. Mafi haɗari ita ce wadda aka rubuta cewa ba a warware ta. Wakilci na yau da kullum kana iya janye shi, kuma yana faɗuwa da mutuwar mai bayarwa. Wanda aka ɗaure da bashi aka ce ba ya warwaruwa kuwa yana nan daram har sai an biya, ko da mai gida ya kwanta dama. Marayu ne za su buɗe ƙofa su tarar da mai saye.

Me ya sa ake son ta haka? Dokar Amfani da Filaye ta 1978, a sashe na 22, ta ce mai takardar shaidar mallaka daga gwamna ba zai sayar ko ya jinginar da filinsa ba sai da amincewar gwamna. Jingina ta gaskiya tana da matakai, da rajista, da kuɗi, da lokaci. Takardar wakilci ita ce gajeriyar hanyar da wasu ke bi, kuma gajartarta a kan talaka take ƙarewa.

Addininmu bai bar wannan magana ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma wanda ake bi ne aka umarta ya faɗi abin da za a rubuta, a gaban shaidu. Yau an juya: mai bin bashi ke zuwa da rubutunsa a shirye, cikin Turancin da mai sa hannu ba ya ji. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, abin jingina ba ya zama na mai bin bashi don kawai wa'adi ya cika. Idan ta kai ga sayarwa, ya ɗauki haƙƙinsa, ragowar ta koma ga mai ita. Wane dalili ne zai sa gidan da ya ninka bashin sau biyar ya tafi a kan sa hannu ɗaya?

Wasu kuma a ofishin 'yan sanda ake miƙa musu biro, a ce ko sa hannu ko kwanan sel. Ku sani, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, sashe na 8, ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko don rikicin da ba laifi ba ne. Kasa biyan bashi ba sata ba ce.

Saboda haka idan ranar ta zo, ka ce a ba ka kwafi ka tafi da shi gida. Mai gaskiya ba zai hana ka kwana biyu ba. Ka kai wa lauyan da kai ka zaɓa, ba wanda mai bin bashi ya zo da shi ba. In babu hali, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi. In ba ka karatun boko, doka ta wajabta a karanta maka, a fassara maka, mai rubutun ya sa sunansa da adireshinsa. In har wakilcin ya zama dole, a taƙaita shi: abu ɗaya, adadi sananne, ranar ƙarewa a rubuce, kuma ya faɗi da zarar an biya kobon ƙarshe. Gidan gado kuwa da ba a raba ba, ba naka ba ne kai kaɗai balle ka wakilta wani a kansa.

Malamai, ku ɗauki maganar nan zuwa mumbari ranar Juma'a. Shugabannin kasuwa da masu unguwanni, ku da ake kira shaida, kada ku sa hannu a takardar da ba a karanta a gabanku da Hausa ba. 'Yan boko na gida, ku daina cewa maganar manya ce. Idan kun ji an ce gobe za a zauna a kan bashin Baba, ku ajiye abin da kuke yi, ku zo ku zauna kusa da shi, ku karanta tun daga shafin farko.