A Koya Mana Shifta Dangi-Dangi

Yau ra'ayina a kan shiftar Turanci ne, musamman kalmomi masu tagwan wasali, domin su suka fi kayar da mu.

A darasin Hausa an koya mana tagwan wasali biyu, wato ai da au, kamar a cikin kai da sau. Yadda ka ji su haka za ka rubuta. To Turanci ba haka yake ba. Idan malami ya ce house, kunnen Bahaushe au yake ji, sai yaro ya rubuta haus. Idan aka ce time sai ya rubuta taim. Wannan yaron ba daƙiƙi ba ne, ƙa'idar harshensa ya bi. Amma sakamakonsa jan biro da bulala.

A ganina, kalmomi ashirin da ake zubo mana barkatai a ce mu haddace kafin Juma'a ba sa zama a kai. Gara a raba su dangi-dangi a kan allo. Misali, oi ya fi zuwa a tsakiyar kalma, kamar coin da soil, shi kuwa oy a ƙarshe, kamar boy da enjoy. Haka rain da wait suke a tsakiya, day da play a ƙarshe. Duk wanda ya gane wannan, ko kalmar da bai taɓa gani ba zai iya gwadawa ya dace.

Wani zai ce ai akwai masu karya doka. Gaskiya ne. Town da brown suna da ow a tsakiya, sannan snow da cow ƙarshensu ɗaya amma furucinsu daban. To irin waɗannan sai a ware musu gefen allo, mu san su ne masu taurin kai, mu riƙa maimaita su kullum da safe.

Jarrabawar BECE na jiran mu a aji uku, kuma yawancin takardunta da Turanci ake amsawa. Abin takaici ne ɗalibi ya san amsa amma ya rasa maki saboda harafi ɗaya.

Don haka ina roƙon malamanmu, don Allah a ba mu minti goma a kowane darasi na irin wannan atisaye. Mu kuma ɗalibai, kowa ya ware shafin ƙarshe na littafinsa, ya ja layi, ya riƙa sa kowace sabuwar kalma cikin danginta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga wata ɗalibar JSS 2, Ƙungiyar 'Yan Jarida