Tsoho Ba Ya Da Laifi, Takarda Ke Da Laifi

Jama'a, akwai maganar da nake ji kullum a bakin ma'aikatan banki da na ofis: wai tsofaffi ke ɓata musu lokaci, ba su san shekarunsu ba, ba su iya sa hannu ba. Ni dai ban yarda ba.

Ku dubi dattijon Harobanda, ko na Karaje ko na Lamorde. An haife shi a ƙauye zamanin Nasara, babu wanda ya rubuta ranar. Da ya girma, alƙali ya ba shi takarda mai maye ta haihuwa, aka ƙaddara masa shekara da ido, aka ce an haife shi "wajen" 1950. Wani magatakarda ya rubuta Mahamadu, wani Mamman, wani Muhamman, kowa yadda kunnensa ya jiye masa. Yau na'urar banki ta ce mutum uku ne, ba ɗaya ba, a riƙe kuɗinsa sai ya gyara. To, wa ya riƙe alƙalami ran nan? Shi ne?

Ga kuma ruwa. A 2020 kogin Kwara ya fasa madatsa, ya ci gidaje a wannan gaɓa tamu, takardun mutane da yawa suka bi ruwa tare da tabarmi da hatsi. Mai neman sabuwa sai ya nemo shaidu, ya sayi kan sarki, ya ɗauki hoto, ya hau gadar Kennedy zuwa cikin gari, a ce masa ya komo gobe. Goben nan kuwa kuɗin mota ne, ga ciwon gwiwa.

Babban abin takaici shi ne harshe. Tun Maris 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa. Ina amfanin wannan ga tsohuwar da aka miƙa wa takarda da Faransanci, aka ce ta dangwala yatsa? A ajinmu na yaƙi da jahilci muna da iyaye mata masu karanta Hausa da Zabarmanci sarai. A fassara takardun nan mana! A sa mutum guda a bakin ƙofa ya karanta wa tsoho abin da zai sa wa hannu. Wannan bai fi ƙarfin kowane banki ba.

Ku ma 'ya'ya, ban ƙyale ku ba. Rakiyar baba wajibi ce, amma wasunku daga rakiya sai su karɓe kati da lambar sirri, wai don a hutar da shi. Ƙarshen wata tsoho ya koma roƙon kuɗin goro daga cikin fanshonsa. In ka raka shi, karanta masa takarda layi-layi, ka duba sunan ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa, ka yi hoton kowace takarda ka ajiye kwafi gidan wani ɗan'uwa a kan tudu. Katin kuwa ka mai da shi aljihun mai shi kafin ku hau gada.