Wanda Ya Je Andalus Ya Tafi Da Idon Basira

Jama'a, yawancin mutanenmu da Allah ya hore wa zuwa Turai ba su wuce kantunan London da Faris. A ganinmu wannan hasara ce, gama akwai lardin da ya fi waɗannan kusa da mu, watau Andalus, a kudancin ƙasar Sifen.

Kusancin nan kuwa a littattafanmu yake. Alfazazi mai Ishiriniya a birnin Kurɗuba aka haife shi. Ibn Asim mai Tuhfa, wadda alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da ita, alƙalin Garnaɗa ne. Ashe duk malamin da ya je can, gidan malamansa ya ziyarta.

Matafiyi sai ya fara daga bakin teku, a dutsen Jabal Ɗariƙ. Mashigin ruwan da ya raba Afirka da Turai, inda ya fi ƙunci, bai wuce mil 9 ba, ta nan kuwa Ɗariƙ ɗan Ziyad ya ƙetare da rundunarsa a 711. Daga nan sai ya yi arewa zuwa Ishbiliya, ya ga hasumiyar da aka gama a 1198. Ya bi kogi zuwa Kurɗuba, ya shiga masallacin da aka soma a 785, aka mai da shi majami'a a 1236. Sa'an nan ya gangara Garnaɗa, inda fadar Alhamra take a gindin duwatsu masu ƙanƙara, waɗanda mafi tsawonsu ya haura ƙafa 11,000. A nan mulkin Musulmi ya ƙare a 1492.

Waɗansu in sun ga wannan sai su ɓuge da kuka. To, kuka bai taɓa mai da gari ba. Gara su haye duwatsun nan zuwa ƙauyukan Alfujarra, su dubi magudanan ruwa na zamanin Musulmi, waɗanda har wa yau suke shayar da gonaki. Me ya raya su? Ba kome ba ne illa manoma suna yin gayya su yashe su. Haka Alhamra, ba don ana gyaranta kullum ba, da tuni ta zama kufai.

Ga abin da ya kamata ya dame mu. Mutanen Sifen suna kiyaye ginin waɗanda suka kora, mu kuwa ganuwar Kano da ta Zariya, aikin kakanninmu na jini, muna kallo ruwa na cinye su, mutane na haƙar ƙasarsu. Lalle abin kunya ne mutum ya biya kuɗin jirgi don ya yaba gadon wani, alhali nasa yana zubewa a ƙofar gidansa.

Saboda haka malaman makaranta su kai yara su ga ganuwar garinsu, ma'aikata kuma su tuna da ita ran kasafin kuɗi. Allah ya sa mu gane, amin.